Yadda zaka nemi a taimaka maka da CV ba tare da an ba ka na wani ba

Duk wanda ya taɓa zaman neman aiki ya san wannan yanayin, ka tura takarda nan ka tura can, sati ya wuce wata ya wuce shiru kake ji, ko "mun gani" ba wanda ya ce maka. Daga nan sai zuciya ta fara raya maka ai CV ɗinka ne bai yi ba, wato takardar da ke bayyana karatunka da ayyukan da ka yi, bari in nemi wanda ya iya ya gyara min. Wannan tunanin ba laifi, sau da yawa ma gaskiya ne. Inda ake samun matsala shine yadda ake neman taimakon. Mutum zai ɗau waya ya tura wa wani sunansa da makarantar da ya gama da shekarar da ya gama, yace dan Allah haɗa min CV mai kyau gobe nake so. Toh shi wanda ka tura wa me kake so ya rubuta? Bai san aikin da kake nema ba, bai san abinda ka taɓa yi ba, ƙarshenta zai buɗe na wani da ke ajiye a kwamfutarsa ya goge suna ya sa naka, ya bar maka su "mai ƙwazo, mai aiki tuƙuru, mai iya zama da jama'a" irin wanda ke jikin takardar kowa. Ka karɓa kana murna saboda ya yi kyau a ido, ka ci gaba da turawa, shirun ma ya ci gaba.

Mai taimako komai iyawarsa abinda ka kawo masa shi zai gyara. Saboda haka aikin farko naka ne kai kaɗai, kuma shine mafi wahala shi yasa kowa ke gudunsa. Samu takarda da biro ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, ka zauna ka zazzage duk abinda ka taɓa yi, da duk harshen da ya fi maka sauƙi, kada ka damu da tsari ko kyan jimla a wannan matakin. Ina da ina ka yi aiki, wane wata da wace shekara ka fara, yaushe ka bari, me ake kiran matsayinka, waye yake samanka, akwai waɗanda suke ƙasanka, su nawa. Sannan babbar tambayar, daga shigarka da safe zuwa tashi me kake yi a zahiri? Wace manhaja kake buɗewa, wane inji kake taɓawa, da su wa kake magana, wace matsala ce in ta taso ake cewa a kira ka. Akwai abinda ka tarar a lalace ka bar shi a gyare? Akwai abinda ake yi a kwana uku ka mai da shi kwana ɗaya? Duk ka rubuta, har wanda kake ganin ƙaramin abu ne, daga baya za a zubar da wanda bai da amfani, amma wanda baka rubuta ba babu mai iya tono shi daga kanka.

Bari in ba da misali dan abin ya fito. Wani zai rubuta "na yi aiki a sito na shekara biyu" ya tsaya nan, a ganinsa ya gama. Mai taimako na gaske zai ce masa sito na me? Kai ke karɓar kaya ko kai ke fitarwa? A littafi kake rubutawa ko a Excel? Kaya kala nawa kake lura da su? An taɓa samun ɓatan kaya, me ka yi a kai? In ya amsa sai kaga layin ya koma wani abu kamar "na lura da shige da ficen kaya kala 300 a sito, na mayar da lissafin daga littafi zuwa Excel, hakan ya sa ƙidayar ƙarshen wata ta dawo kwana ɗaya maimakon uku." Mutum ɗaya ne fa, aiki ɗaya, ba a ƙara ƙarya ko ɗaya ba, amma na farko ba wanda zai tsaya a kansa, na biyu kuma manajan da ke fama da rikicin sito yana gani zai ce a kira min wannan. Lambobi suna da ƙarfi sosai a CV, amma sai wanda ka tabbatar. In baka tuna daidai ba kace "kimanin" ko ka bar shi, kada ka ƙago.

Masu cewa ai ni ban taɓa aiki ba me zan rubuta, yawancinsu sun yi, kawai dai basu ɗauke shi aiki ba saboda ba albashi ko ba takardar ɗauka. Ka koyar da yara darasi da yamma, kin riƙe littafin kuɗin wata ƙungiya a makaranta, ka taya wani ɗan'uwa riƙe kasuwancinsa kana karɓar kuɗi kana rubuta rasit, kina sayar da kaya ta waya kina amsa kastomomi kina turawa, ka yi aikin sa kai, ka yi horon sanin makamar aiki lokacin karatu, binciken da ka yi na shekarar ƙarshe, duk waɗannan suna shiga in an san yadda za a faɗe su kuma in suna da alaƙa da aikin da ake nema. Haka wadda ta ajiye aiki na wasu shekaru saboda raino ko jinyar wani, ko wanda rashin lafiya ta zaunar, ku faɗa wa mai taimakon gaskiyar giɓin tun farko. Layi ɗaya gajere ya isa ya rufe shi a takarda, kuma ya fi a ja shekarun aikin baya a miƙe su dan su haɗe, wannan dabarar kiran waya ɗaya zuwa tsohon wajen aikinka ke tona ta.

Abu na biyu da zaka tafi da shi shine tallan aikin, wato sanarwar da masu neman ma'aikata suka fitar. Wannan kam kada ka je wajen kowa ba tare da shi ba. In baka da takamaiman talla ɗaya, nemo biyu ko uku na irin aikin da kake so, ka karanta su a tsanake ka ja layi ƙarƙashin abinda suke ta maimaitawa. Babu wani abu wai shi CV mai kyau a kan kansa, akwai dai wanda ya dace da wannan aikin. Wanda zai sa a kira ka aikin akanta ba shi zai sa a kira ka aikin tallan kaya ba ko da kai ɗin ne kuma ka iya duka biyun. Abinda ya fi shine ka ajiye wani dogo guda ɗaya mai ɗauke da komai wanda baka tura wa kowa, duk sanda talla ya fito ka kwafe shi ka rage, ka ɗago abinda suke nema sama ka sauke sauran ƙasa ko ka cire.

Toh wa zaka nema? Mutane sun fi gudu wajen wanda ya fi kowa iya Turanci ko iya kwamfuta a cikin abokai, alhali wanda ya fi amfani shine wanda yake cikin irin aikin da kake nema, ballantana in ya taɓa zama cikin masu tantance takardu ko masu yin intabiyu. Shi ya san wane satifiket ne ake dubawa da wanda ba wanda ya damu da shi, ya san kalmomin da 'yan fagen ke amfani da su, minti biyar ɗinsa ya fi awa biyar na wanda bai san fagen ba. Ni a ganina taimako iri biyu ne kuma da wuya mutum ɗaya ya haɗa su, akwai mai duba abinda ka faɗa, akwai mai duba yadda ka faɗe shi, wato nahawu da kuskuren rubutu da tsari. Fara da na farko. Ba amfanin a goge maka jimla ta yi sumul sannan ɗan fage ya zo yace cire ta gaba ɗaya.

Yadda ka roƙa ma yana yanke irin taimakon da zaka samu. Mutanen nan suna da nasu hidimomin, in ka jefa musu fayil da "duba min" kawai zasu buɗe su rufe suce ya yi, ko su manta. Gwada wani abu kamar haka: "Salam Yaya, ina wuni, ya aiki. Akwai wani aiki da na gani zan nema, ana rufewa ranar Juma'a mai zuwa, ga tallan ga kuma CV ɗin da na haɗa. Dan Allah in kin samu sarari ki duba min abu biyu, ko ƙwarewar da suke nema ta fito a shafin farko, da kuma abinda kike ganin in cire. Ko ta murya kika turo min ya wadatar. Nagode Allah ya saka da alheri." Kaga nan ka nuna ka yi naka, ka faɗi lokaci, ka taƙaita abinda kake so, ka kuma sauƙaƙa mata hanyar amsawa. Ka tura fayil ɗin da za a iya gyarawa, na Word ko ka ba ta izini a Google Docs, ba hoton da ka ɗauka da waya a karkace ba. Kuma ka bada kwanaki, wanda ya turo da daddare yana cewa gobe da safe ake rufewa shi ya ja wa kansa gyaran gaggawa.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi maka ko bai san komai a fagenka ba. Miƙa masa takardar ya duba na kamar daƙiƙa goma, ka karɓe, ka tambaye shi wane aiki nake nema kuma me ka riƙe game da ni. In ya fara kame-kame toh shafinka na farko bai yi aikinsa ba. Dalilin wannan gwajin, kamfanin Ladders mai shafin neman aiki a Amurka ya taɓa bin idon masu ɗaukar ma'aikata da na'ura yana auna tsawon kallon farko da suke wa CV, a 2012 ya samu daƙiƙa 6, da ya sake a 2018 ya samu 7.4. Kada ka ɗauki adadin kamar doka, binciken kamfani ne mai kasuwancinsa a harkar, amma duk wanda ya taɓa zama gaban tulin takardu zai gaya maka kallon farko gajere ne ƙwarai, ana neman dalilin ajiyewa gefe ne ko dalilin sake karantawa.

In an fara gyara kuma ka danne zuciyarka. Wanda ya dawo maka da takarda duk ja ya fi ƙaunarka a wannan ranar kan wanda yace masha Allah ya yi kyau. In an ce ban gane wannan layin ba kada ka fara bayani da baki kana kare kanka, ranar da za a karanta a ofis baka nan balle ka yi bayani, gyara layin kawai.

Wuraren kyauta suna nan mutane ne basa tambaya. Jami'o'i da kwalejoji da yawa suna da ofishin ba ɗalibai shawarar aiki, wasu ma suna karɓar tsofaffin ɗalibai, ka tambayi taka. Ƙasashe da dama suna da ofisoshin gwamnati na masu neman aiki inda ake taimakawa da CV ba tare da biya ba, kamar Jobcentre Plus a Birtaniya ko American Job Center a Amurka, ka bincika me ke akwai inda kake zaune, haka ɗakunan karatu na jama'a da ƙungiyoyin horar da matasa da ƙungiyoyin 'yan sana'a ɗaya. A intanet kuma Word da Google Docs duk suna da samfurin CV da aka riga aka tsara, shafin neman aiki na Indeed yana da wajen haɗawa kyauta, Europass, samfurin CV na Tarayyar Turai wanda ke nan tun 2005 shima kyauta ne kuma yana da amfani in can kake nema, duk da wasu masu ɗauka na ganin yana yin tsawo. LinkedIn, shafin zumunta na ma'aikata, ni amfanin da na fi gani a cikinsa a nan shine leƙe, ka nemo mutanen da suke riƙe da irin aikin da kake so ka ga yadda suka bayyana abinda suke yi, ka koyi salon faɗa, ba ka kwashe jimlolinsu ba.

Sai masu rubutawa a biya su. Sana'a ce halal kuma akwai gwanaye a ciki, musamman in babban matsayi kake nema ko zaka canza fage ko ƙasa. Alamar gwani ɗaya ce babba, zai dame ka da tambaya. Zai kira ka ko ya turo maka tambayoyi masu yawa, zai nemi tallan aikin, zai ce wannan shekarar ina kake. Wanda ya karɓi kuɗi ya turo maka CV bayan awa ɗaya bai tambaye ka komai ba kamar tela ne da ya ɗinka maka riga bai auna ka ba, ko ta yi kyau a rataye ba taka bace. Kafin ka biya ka nemi ganin samfurin aikinsa wanda aka goge sunan mai shi, ka tambaya sau nawa zai gyara in baka gamsu ba, kuma ku yi magana a fili cewa zai ba ka fayil ɗin da zaka iya gyarawa da kanka. Wasu da gangan PDF kawai suke bayarwa dan duk sanda zaka canza lambar waya ka dawo ka sake biya.

Ka yi hattara da wanda yace in ya rubuta maka tabbas zaka samu aiki, ba shi ke ɗauka ba ta ina ya samu tabbas. Akwai kuma shafukan da ke cewa ɗora CV ɗinka mu duba maka kyauta, kana ɗorawa sai saƙo ya zo mai tada hankali wai takardarka ta faɗi, a ƙasa kuma ga inda zaka biya su gyara. Wasu kuma zasu bar ka ka gama haɗawa tsaf sai wajen saukewa su nemi katin banki, daga nan su riƙa cira duk wata, saboda haka duba wannan kafin ka ɓata awa biyu kana cikewa. Mai rubuta CV baya buƙatar lambar katin shaidarka ko lambar asusun banki ko hoton fasfo ɗinka, kuma waɗannan basa shiga CV tun asali. Duk wanda ya haɗa maka gyaran CV da alƙawarin wai yana da hanya a wani waje ka biya kuɗin fom, ka ja da baya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma da ake yawan damfara da sunanta tana rubutawa ƙarara a tallanta cewa bata karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki.

Yanzu maganar da kowa ke yi, manhajojin AI, wato masu ƙirƙirarriyar basira da kake rubuta musu tambaya su amsa. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ga su Claude ga Gemini, mutane da yawa can suke fara zuwa, kuma gaskiya suna taimakawa in ka san yadda zaka sa su aiki, musamman wanda yake da abin faɗa amma harshen da za a rubuta CV ɗin ke ba shi wahala. Sai dai kuskuren da ake yi da mutum shi ake maimaitawa da su, a ce rubuta min CV na akanta, ita kuma ta zubo kalmomi masu ƙyalli da ba komai a ciki, wani lokacin har ta ƙago maka nasarori da lambobi da baka taɓa yi ba saboda ta cike gurbi. Masu tantancewa sun ga irin wannan har sun gaji, suna gane shi. Juya abin. Liƙa mata tallan aikin, liƙa mata zazzagen da ka yi, kace kada ki rubuta komai tukuna, yi min tambayoyi ɗaya bayan ɗaya a kan abinda bai fito ba. Bayan ka amsa kace ta tsara, kuma ka gargaɗe ta kada ta ƙara wani abu da baka faɗa ba. Zaka iya amsa mata da Hausa ma ta mayar, amma ka bi fassarar a hankali. Cire adireshin gidanka da lambar wayarka da sunayen mutane da sirrin tsohon wajen aikinka kafin ka liƙa. In ta gama ka karanta layi layi da ƙarfi, duk kalmar da baka san ma'anarta ba ko bazaka iya furta ta a gaban mutane ba ka canza ta da wadda ka sani, sannan har yanzu ka kai wa ɗan fage ya gani, dan ita manhajar bata san yadda ake ɗaukar aiki a takamaiman wajen da kake nema ba.

Za kuma ka ji ana ta tsoratarwa da ATS, wato manhajar da manyan kamfanoni ke karɓar takardun masu nema da ita, irin su Workday da Greenhouse da Taleo. Masu sayar da gyaran CV suna son kambama ta, wai na'ura ce ke yar da takardarka mutum bai gani ba. Yawanci abinda take yi shine ta karanta fayil ɗin ta rarraba bayanan gida gida ta ajiye, ma'aikaci ya zo ya bincika da kalmomi ko ya bi jeri. Inda ake yawan faɗuwa kai tsaye shine tambayoyin fom, kamar kana da izinin aiki a ƙasar ko kana da lasisin kaza. Abinda ya shafe ka dai shine ta iya karanta takardarka daidai. Dan haka in mai taimakonka ya kawo maka zane mai rukuni biyu da akwatuna da taurari wai ƙwarewa a Excel tauraro huɗu cikin biyar, irin masu kyan nan na manhajar zane ta Canva, kace masa ka gode amma a yi maka mai sauƙi, rubutu daga sama zuwa ƙasa, kanun da kowa ya sani, haruffa masu karantuwa. Ka gwada da kanka, kwafe duk rubutun ka liƙa a wajen rubutu mara ado, in ya fito a jere lafiya, in ya cakuɗe toh haka ita ma za ta iya ganinsa. Ka yi amfani da kalmomin tallan inda suka dace da gaskiyarka. Dabarar cusa kalmomi da farin launi dan kada ido ya gani kuwa ka rabu da ita, da an zare rubutun duk suna fitowa.

In ka tambayi mutum uku zaka samu shawara huɗu, kada hakan ya ruɗa ka, sau da yawa kowa na faɗin abinda ake yi ne inda ya saba. Hoto misali, a Amurka da Birtaniya ba a so a saka, haka shekarun haihuwa da aure da addini, saboda dokokin hana wariya kamfanoni basa son ganinsu, a Jamus kuma har yanzu mutane da yawa na saka hoto duk da ba dole bane. Tsawo ma haka, a Amurka sabon mai nema shafi ɗaya aka fi so, a Birtaniya biyu ne aka saba, malamin jami'a ko mai bincike nasa na iya kai shafuka da yawa saboda jerin wallafe-wallafe. Wasu hukumomin ma basa karɓar CV sam, fom ɗinsu zaka cike a shafinsu. Mai raba gardama shine tallan, in ya faɗi abinda yake so bi shi ko da duk masu ba ka shawara sun ce akasin haka, in bai faɗa ba bi maganar wanda ya san wajen.

Wani mai taimakon da kyakkyawar niyya zai ce ƙara shekara ɗaya mana, sa digirin ai saura kaɗan ka gama, rubuta manaja wa zai bincika. Kace a'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma kai zaka zauna a kujerar intabiyu ba shi ba. A 2012 Scott Thompson, shugaban kamfanin Yahoo sukutum, ya bar kujerarsa bayan 'yan watanni da hawa saboda an gano bayanan karatunsa na cewa yana da digiri a kimiyyar kwamfuta alhali na akanta kawai gare shi. In karatu baka gama ba rubuta shekarun da ka yi da cewa ana kai ko ba a kammala ba. In harshe kaɗan kake ji rubuta kaɗan, dan akwai mai intabiyun da zai juya harshen nan take ya gwada ka.

Kafin ka tura, ƙananan abubuwan da masu gyara ke tsallakewa saboda suna ganin ka riga ka duba. Lambar wayar da ke jiki tana aiki kuwa, ko ta tsohon layin da ka yar ce? Imel ɗinka sunanka ne ko laƙabin da ka sa wa kanka tun kana sakandare, in na biyun ne buɗe sabo minti biyu ne. Sunan fayil ya zama sunanka da CV, ba "sabo na ƙarshe gyararre 3" ba. In ba a ce a turo Word ba ka mayar PDF dan tsarin kada ya watse, ka tura wa kanka ka buɗe a waya ka gani. Masu tsaya maka shaida ka kira su ka nemi izini kafin ka bada sunansu, ka kuma tura musu CV ɗin da tallan dan kada a kira su suce wane ne haka. In samfurin wani aka yi amfani da shi ka bi a hankali, ana mance sunan makarantar mai shi ko garinsa a wani lungu.

Bayan ka fara turawa ka riƙa rubuta inda ka tura, ranar, da wane CV ɗin ka tura, da abinda ya biyo baya. Wannan jerin shi zaka koma da shi wajen mai taimakonka bayan wasu makonni. In ana kiranka intabiyu amma ba a ɗauka, takardar ta yi nata, ka daina taɓa ta ku koma gwajin amsa tambayoyi. In ko kira babu, ku ɗora tallan da ka nema gefe da CV ɗin ku duba, ko dai abinda suke so yana ciki amma ya nutse a shafi na biyu, ko kuma ayyukan da kake nema suna buƙatar wani satifiket ko shekarun ƙwarewa da baka kai ba tukuna, wanda nan kuma sai dai ku zauna ku duba wane matakin ƙasa da shi zaka fara nema da wane kwas ɗin zai cike giɓin.